Abin da Ya Sa Hankakin Arewacin Tsibiri Suka Yi Ƙiba

Shugabar wannan zama, Farfesa Gunvor. Manyan malamai da suka tsallako teku daga jami'a, duk da aman da suka sha a hanya. Ɗaliban digirin digirgir masu ramammun fuskoki. Ɗaliban digirin farko, waɗanda har yanzu suna iya dariya. Maƙwabtana masunta, da na san ƙamshin gasasshen rago ne ya kawo su. Barkanmu da yamma.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Torleif, mai tuƙa jirgin ruwan wannan tashar bincike, mai gyara mata famfo da rufi shekara talatin da ɗaya. Na gode da wannan liyafar sallama. Na gode da rigar sanyin da kuka ba ni, wadda za ta ɗauke ni da matata a lokaci guda. Magana uku gare ni.

Ta farko yabo ce. Na ga haƙuri a wurinku irin wanda ban gani ba ko a wurin masunta. Na ga mutum da hankalinsa ya kwanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa awa tara, don ya ga da wace ƙafa hankaka yake sosa kai. Kun san kakan kowane tsuntsu a tsibirin nan, kun san wadda ya aura da wadda ya yaudara, alhali rabinku kun manta ranar haihuwar iyayenku. Kun hana a sa wa tsuntsu suna, sai lamba, wai kada tausayi ya ɓata ilimi, amma da idona na ga ƙato yana kuka saboda Arba'in da Bakwai ya mutu.

Ta biyu a kan Synne ce, ga ta can kusa da taga. Shekara huɗu tana auna hankaki a sikeli, har ta gano cewa na arewacin tsibiri sun fi na kudu ƙiba, sun fi su ƙwai, sun fi su rashin tsoron mutum. Aka ce iskar arewa ce ta tace su, raunana suka ƙare, ƙarfafa suka gaji wuri. Aka ce halitta ce take sauyawa a gaban idonmu. Har aiki aka fara yi mata alkawari. Ranar Juma'a za ta kare kundinta.

Ta uku kuwa tona asirin kaina ce. Kowace safiya da ƙarfe shida, lokacin da masu ilimi suke minshari, nakan zauna a bayan rumfar jirgi, can arewa, da kofi da burodi da cuku da ragowar kifi, kuma ban iya cin abinci hankaki suna kallona in hana su ba. Jama'a, takardar da kuke cikewa tana da gurbin iska, tana da gurbin ruwan sama, tana da gurbin shaho da ɓera da kyanwar maƙwabta. Ba ta da gurbin tsoho mai burodi. A shekara talatin da ɗaya, maganar bincike guda aka taɓa yi mini, ita ce, "Torleif, matsa, kana tare mini haske."

Mako biyu da suka wuce Synne ta karanta mini babin da ta rubuta kan ƙibar nan a cikin jirgi, don mahaifiyarta ta ce ita kam ta gaji da labarin hankaki. Na saurara, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Kullum?"

Na ce, "Kullum. Sai dai lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, wata biyu, bara waccan."

Ta ce, "Wayyo ni! Shekarar da suka rame ke nan. Shafi goma sha ɗaya na rubuta a kan ramar nan, na ɗora wa sauyin yanayi laifi. Ashe gwiwarka ce, tsohon banza!"

Wani babban malami, wanda ba zan kama sunansa ba tunda yana riƙe da cokali a gabana, ya ba ta shawara: "Saka shi a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, wa yake karanta wurin?" Ni kuma ya ce in yi ritayata cikin mutunci, in rufe bakina. Synne ta ƙi. Da hannunta ta cire babin da aka yi ta tafa mata a kai, ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Kundinta ya koma rabi, mai alkawarin aiki ya daina amsa wasiƙa. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin girman wani ɗalibi kamar yadda na ga nata ba.

Don haka ina roƙon ku, malamai da za ku zauna ranar Juma'a. Kun koya mata kallo, ta kalla. Kun koya mata faɗin abin da ta gani, ta faɗa, a ranar da faɗin ya fi shiru tsada. Idan lallai sai kun kayar da wani, ga ni, ba ni da digirin da zan rasa.

Allah ya ba Synne sa'a, ya tausasa zukatan masu tambayarta. Allah ya raba ɗalibanmu da mura da ciwon baya, ya mayar da baƙinmu gida ba tare da teku ta karɓe abin da suka ci ba. Daga Litinin hankakin arewa za su fara ramewa, don ba na nan. Ina roƙon ku da girman Allah, kada kowa ya nemi digiri a kan wannan.

Na gode da kuka saurare ni, ko da sau ɗaya ne.