Maganar Farko da Goggo Ta Yi Bayan Tiyata

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni ce Hauwa'u daga Madaki, Gombe. Kunya ba ta barina in kira waya, shi ya sa na rubuto.

Goggona ce ta raine ni. Bara aka yi mata tiyatar ciwon daji a baki, aka yanke gefen harshenta. Ciwon ya yi sauƙi, amma Goggo ta daina magana kwata-kwata. Matar da ake jiyo muryarta tun daga bakin layi, sai ga ta kwance tana kallon bango, ko kunu sai da lallashi. Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma in ba ta motsa harshen ba, magana za ta yi wuyar dawowa.

Ni dai abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya, waɗanda a da take ƙwace mini. Kullum bayan la'asar sai in zauna gefenta ina karantawa a fili. Kwana tara ko kallona ba ta yi ba. A na goma, na zo inda saurayi yake ta rantse wa budurwa, sai na ji murya a kakkarye: "Maƙaryaci ne! Ke Kulu, ce mata kada ta yarda!"

Wallahi Anti, sai da na yi kuka. Yanzu tana shan magani, tana komawa asibiti, har faɗa take yi mini. Ni fa na yi wannan, ni da ake ce wa bebiya a gida!

Ina gaida ƙawayena, kuma taimako nake nema. Goggo ta ce in samo wani littafin, amma wanda saurayin ke da sana'a. Wa ke da shi?