Sandar Da Ban Gyara Wa Abdulbaƙi Ba

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam Liman, ranka ya daɗe Mai Unguwa, shugaban ƙungiyarmu ta masu walda a Sharada, Alhaji Musbahu mahaifin marigayi, Hajiya Mas'uda matar marigayi, da sauran jama'a, sannunku da zuwa.

Ni ne Labaran mai walda. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na koyi karatu, don haka a yi haƙuri da jawabina.

Injiniya Abdulbaƙi ya kasance mai awon ramukan ma'adinai. Na'urarsa tana harba haske a bangon rami, ta auna tsawo da faɗi da zurfi, sai ga ramin a kwamfuta yana juya shi kamar ƙwarya. Da haka yake gane inda rufin ya yi rauni, ya hana mahaƙa shiga. Akwai magidanta da yawa da ke cin tuwo yau saboda sun ji maganarsa.

Ya kasance ba ya raina mu. In ya kawo mini zane, da manyan baƙaƙe yake rubuta awon, ya ce, "Baba, ga jarrabawarku ta yau."

Ni na ƙera masa doguwar sandar da yake zura na'urar cikin rami, shi yana tsaye a waje. Watan jiya ta tsage, ya kawo gyara. A makon aka haifa mini jikata ta fari, Mubina. Murna ta ɗauke ni, na rufe shago ina yawon rabon goro. Da ya kira, na ce sai bayan suna. Ya yi dariya ya ce, "Ku sha sunanku, ango."

Ashe mahaƙa suna jiransa a wani tsohon ramin kuza. Ya ƙi barin su shiga ba awo, ya ɗauki na'urar a kafaɗa ya shiga da ƙafarsa. Rufin ya rufto.

Liman ya ce mini ajali ne, kuma na yarda. Amma gyaran nan aikin awa biyu ne. Har yau in na ɗauki Mubina ina jin daɗi, sai kuma in ji kunyar daɗin.

Alhaji, Hajiya, ba ku san wannan ba sai yanzu. Na zo gaisuwa sau uku bakina ya kasa. Ina roƙon ku yafe mini, ko ba yau ba. Zan jira.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Abdulbaƙi, ya yalwata masa kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Amin.