Robar Birkin Ilu

"Umma, me ya sa robar da ke hannun direba ta kumbura kamar ƙosai?" in ji Huseina.

Ummakulsum ta toshe mata baki, amma ta kasa kunne. Suna zaune cikin motar Zariya a tashar Sabon Gari, direban kuwa, Ilu, yana bakin taga yana cacar baki da Musiliu mai kayan gyara.

"Baba Musiliu, robar birkin da ka sayar mini ce wannan. Dubi yadda ta zama!"

"Wane mai ka zuba mata?"

"Man inji mana. Man birki ya yi wuya a gari, kowa ya sayi mota. Ai mai duk mai ne."

"To soya ƙwai da kananzir mu gani! Robar birki ba ta shiri da man inji, kumbura take yi ta saki. Ko ta asali ce ba za ta jure ba."

"Ko ta asali? Taka ta ina ce?"

Musiliu ya yi tari. "Ana maganar mai yanzu."

"Ni dai ba ni wata. Tun Sallah da giyar mota nake tsayawa, ban kashe ko akuya ba."

Ummakulsum ta saɓa 'yarta, ta jawo kwandonta, ta sauka.

"Hajiya, ina zuwa? Yanzu za mu tashi!" in ji Ilu.

"Tashin ba ya damuna, Malam, tsayawar ce."

Kai mai karatu, duk direban da ya ce maka mai duk mai ne, sauke ɗanka tun motar tana tsaye.