Kofin Gwangwani na Emmett Tolliver

Mai girma Fasto, wakilin magajin garin Mobile, tsofaffin sojojin ruwa, 'yar'uwata Lorene matar marigayi da 'ya'yanta, ina gaishe ku. Da hannuna na rubuta wannan, ku yi haƙuri in na yi tuntuɓe.

Mun san Emmett Tolliver tun yana gyaran famfo a unguwarmu. Ya kasance mai ƙarancin magana. Da yaƙi ya zo, aka sa shi a jirgin da ke dakon ruwan sha ga ƙananan jiragen yaƙi. Wasunmu sun yi dariya, wai an tafi yaƙi an ɓuge da sana'ar ga-ruwa.

Ɗana Dewey yana cikin ɗaya daga ƙananan jiragen nan, ni kuwa a lokacin ban iya karatu ba. Maƙwabciyata ke karanta mini wasiƙunsa, sai na lura tana tsallake wasu layuka. Shi ya sa na shiga ajin manya ina da shekara arba'in da shida. Ga abin da ke cikin wasiƙar farko da na karanta da kaina.

Kwana biyar suna shan rabin kofi a wuni, harshen Dewey har ya kumbura. Jirgin su Emmett ya iso, aka ɗaura tiyon ruwa zuwa nasu jirgin. Emmett ya kasance ba ya buɗe tanki sai ya ɗanɗana da kofinsa na gwangwani. Ran nan ya kurɓa, ya tofar. Ruwan teku ya shiga tankin.

Suka yi ta zaginsa daga can, muryar ɗana ta fi ta kowa: "Kai mai ga-ruwa, buɗe mana, ba miya muka ce ka dafa ba!"

Emmett ya ce, "Dewey, in na ba ka wannan, me zan gaya wa uwarka?"

Awa uku ya tsayar da su, ya wanke tiyo, ya koma wani tanki. Likitansu ya ce da sun sha na farko, da ba duka za su kai gida ba. Ga Dewey can a zaune da furfurarsa, har yau ina tambayarsa ko ya sha ruwa.

Lorene, ke kika gaya mini ranar ƙarshe a asibiti kin ba shi ruwa, ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya ce, "Mai kyau ne, a buɗe musu." Ku 'ya'yansa, kada ku yar da kofin nan.

Mun gode muku da kuka zo. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da namu. Amin.