Gammon Inna

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsoho, ba zan cinye muku lokaci ba. Kun ga tsumman nan da ke hannuna, zan zo kansa.

Ɗazu na ji dattawanmu suna ta kuka da yaran yanzu, wai ba kunya ba tsoron Allah. In ana neman waɗanda suka fara buɗe wannan ƙofa a ƙasarmu, to ga ɗaya tsaye gabanku, ni Yakubu Tela. Kada furfurar nan ta ruɗe ku.

Uwata, wadda muke kira Inna, Bamagujiya ce ta wajen Ɗantutture. Ina ƙarami ta karɓi bishara. Ita ta riƙe hannuna ta kai ni makarantar mishan, a can na koyi karatu da ɗinki. Kun san matan Maguzawa na da, ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Tun daga nesa in ka hango mace da ƙwarya a kafaɗa, ka san daga inda ta fito.

Shekaru kaɗan kafin a ba ƙasar nan 'yancin kai na buɗe shago a Dutsin-Ma. Wayyo ƙuruciya! Ni na fara ɗinka wa samari tsukakken wando, wanda in mutum ya durƙusa gaida babansa sai ya ɓarke. To, sai muka daina durƙusawa. Na sayi garmaho, akwatin nan mai juya faifan waƙa. Ran kasuwa shagona cike yake da samari, Musulmi da Kirista, ana busa sigari, ana kurɓar giya a bayan labule, ana koyon rawar da mace da namiji ke riƙe juna. Ran Lahadi kuma in sa kwat in tsaya cikin mawaƙa. Kuma bari in faɗa muku abin da ke ci mini rai har yau: ba wanda ya tsawata mini a ikilisiya. Kwat ɗin suke kallo, suna cewa yaronmu ya waye.

Akwai wata yarinya, Talatu, 'yar boko, tana aiki a ɗakin shan magani. Ita nake so, kuma na gaya mata babana malami ne a Katsina. Babana manomi ne, ya mutu da fartanya a hannu.

Wata ran kasuwa, rana tsaka, faifai na juyawa, Talatu na zaune kan bencina, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce. Tun asuba ta taso da ƙafa, ƙafafunta sun yi fari fat da ƙura, ga ƙatuwar ƙwarya ta sabon gero a kafaɗa, daddawa a sama. Tana murmushi.

Wani cikin samarin ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, ku dubi Bamagujiya! Kanta hwa mi ya yi da ba ta aza mishi kaya?"

Talatu ta dube ni ta ce, "Yakubu, wace ce wannan?"

'Yan'uwa, da bakin nan nawa, wanda nake yi wa Allah waƙa da shi, na ce, "Wata ce daga ƙauye, takan kawo mini gero."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dubi Talatu ta ce, "Gaskiya ne, ɗiyata, aiko ni anka yi." Sannan ta ɗan rusuna mini, ni da ta goya, ta ce, "Sai an jima, Malam." Ko ruwa ban ba ta ba. Geron nan kuwa mun sa an yi mana fura da shi, mun sha muna dariya.

Shekara biyu ban je gida ba, ita ma ba ta sake zuwa ba. Na ce fushi take yi, na ce ta yi ta yi. Giyar da nake kurɓa don gayu ta koma abincina. Talatu ta auri wani malamin gona mai babur, ko sallama ba ta yi mini ba.

Sai ran nan yayana Dauda ya shigo shagon. Bai zauna ba. Ya ce, "An rufe Inna shekaranjiya." Ya jefa mini wannan tsumma a kan keken ɗinki.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Gammonta ne. Tun da ta dawo daga wurinka ta naɗa shi. Kullum tana bayan rumbu tana koyon ɗaukar kaya a ka, tsohuwa da ita, mata na yi mata dariya. Ta ce sai ta iya za ta koma ganinka, don kada ta sake ba ka kunya. Da ta ga ta iya, ta aza gero ta kama hanya. Kahin Kurfi ta hwaɗi a gangaren rafi, ƙugu ya karye. Kwana tara tana kwance, ta hana a kira ka. Ta ce kana da baƙi."

Ashe ba fushi take yi ba! Ni ina nan ina jin haushinta, ita tana can tana gyara kanta don ta dace da ni.

Kada ku ce daga nan na tuba. Wata bakwai na ƙara ina sha, fiye da da, har na kasa sa zare a allura. Samarin nan duk suka watse, wani tela ya buɗe shago da sabon garmaho. Na tsani kaina, na tsani waƙa, na tsani duk wanda ya taɓa yaba kwat ɗina.

Wata safiya na tsinci kaina a kasuwar Kurfi, a kwance cikin amai. Wani tsohon mai bishara, Baba Ishaya, wanda ya yi wa Inna baftisma, ya gane ni. Bai yi mini wa'azi ba. Ya kai ni gidansa, ya wanke mini fuska, ya ce, "Durƙusa." Na ce ba ni da bakin addu'a. Ya ce, "Da bakin da ka yi musun, da shi za ka roƙa." Na durƙusa, wandon ya ɓarke, ban damu ba. Na yi ihu na ce, "Yesu, uwata ce! Uwata ce!" Abin da na iya faɗi ke nan. Daga ranar ko ɗigon giya bai sake shiga bakina ba. Yabo ga Ubangiji!

Amma zan gaya muku gaskiya. Allah ya gafarta mini, na sani, ban taɓa shakka ba. Sai dai maganar da na yi wa Yesu da ihu, Inna ba ta ji ta da kunnenta ba, kuma ɗacin wannan yana nan har yau.

Na gode wa Allah da bai yi musun sanina ba ranar da nake kwance cikin amai. Ku dogara gare shi, ba ya jin kunyar kowa. Ku kuma samari, wanda uwarsa ke da rai, kada ya jira. Ni ga abin da ya rage mini, kullum da shi nake zuwa sujada. Ku dube shi da kyau. Wannan gammon Inna ne, Bamagujiya ta Ɗantutture. Uwata ce. Amin.