Mace Mai Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Mai girma shugaban taro, Farfesa Julius; shugabannin sassa; malamaina da suka koya mini riƙe allura; abokan aiki; likitocinmu masu karatun digiri na gaba; iyayenmu da suka taso daga Sabon Gari da Basawa da Bomo; jama'a maza da mata, salama a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu a Samaru lafiya. Ina godiya ga kwamitin da ya gayyace ni, ko da yake ina jin kafin in sauka zai yi da-na-sani. Sunana Dakta Happiness, ni ke kula da binciken ɗaliban nan. An ce in yi magana a kan yadda za su ƙware a bincike, su kuma iya isar da abin da suka gano. Na rubuta shafi shida masu kyau, suna cikin jakata, kuma a can za su zauna, domin tun ranar Talata hankalina bai kwanta ba.

Ranar Talata ɗalibata, Dakta Tolulope, ta tafi kasuwar Sabon Gari neman izinin auna hawan jinin mata 'yan kasuwa. Ta bi hanya yadda ya kamata. Ta sami shugabar matan, Mama Onyinyechi mai busasshen kifi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Mama ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, ba ki da laifi. Amma shekara tara ke nan wata likita ta zo nan da farar riga irin taki, ta ɗebi jinin mata ɗari biyu, ta ce za ta dawo ta gaya mana abin da ta gani. Har yau muna jira. Ki je ki ce ta kawo mana na farko, sannan a yi zancen na biyu."

Tolulope ta dawo ofishina idanunta sun yi ja, tana cewa, "Malama, wace irin likita ce za ta yi wa mutane haka?" Na rasa inda zan sa fuskata. Jama'a, ni ce likitar nan.

Lokacin ina ɗaliba kamar ku, ina binciken lafiyar ƙoda. An koya mana, kuma gaskiya aka koya mana, cewa ba a rubuta sunan mutum a jikin kwalbar jini, lamba ake sawa don a rufa masa asiri. Sunaye suna cikin wani littafi dabam, kowane suna da lambarsa. Ranar da na gama ɗibar jini, saboda zumuɗin nuna ni mai riƙon amana ce, na ɗauki littafin na ƙone shi a bayan ɗakina a Bomo, har ina yaba wa kaina. Jinin kuwa ya yi wata takwas a firji kafin kayan awo su iso. Da sakamako ya fito, na ga mai lamba ɗari da sha huɗu ƙodarta ta yi nisa da lalacewa, irin wadda ya kamata a ce gobe da safe tana gaban likita a asibitin koyarwa na Shika. Lamba tana hannuna, suna ya zama toka. Da na koma kasuwa na tara matan na ce kowa ta zo a sake awo, da an same ta. Kunya ta hana ni, ranar kare bincikena kuma ta matso. Na sa ta a jadawali na huɗu na kundin bincikena, aka tafa mini, na karɓi digirina.

Saboda haka abu na farko, ɗalibaina: ku kula da littafin sunaye kamar yadda kuke kula da wayarku. Ku kulle shi, ku ɓoye shi, amma kada ku rabu da shi sai kun duba sakamako ɗaya bayan ɗaya, kun tabbata babu wanda ke buƙatar a kira shi. Kafin ku ɗebi ɗigon jini, ku rubuta abin da za ku yi idan sakamako mai tayar da hankali ya fito: wa zai kira, wa za a kira, ina za a tura shi. Takardar da ba ta da wannan, kada ma a kawo ta teburina.

Abu na biyu, bakinku. Ina jin ku a harabar nan, Hausa rabi Turanci rabi, kuna zuba kamar rediyo. Amma a tsayar da ɗayanku gaban mai tumatir a ce ya bayyana mata bincikensa, sai ya kama gyaran tabarau. Kun iya yi wa farfesa biyar bayani na awa guda, ba ku iya yi wa uwarku na minti biyu ba. Daga zangon nan, kowa zai tsaya gabana ya faɗi bincikensa da Hausa ko da Turancin buroka, yadda mai shago zai gane ba tare da ya ajiye abin da yake aunawa ba. Wanda ya kasa zai sake, ya sake, har ya iya. Ranka ya daɗe, na ga kana duban agogo, a ƙara mini haƙuri kaɗan.

Abu na uku shi ne ranar Asabar. Jiya na je da ƙafata na sami Mama Onyinyechi, na ce ni ce. Ta ce, "Likita, ba ni kaɗai kika ɗebi jinina ba. Ki zo taronmu ranar Asabar ki faɗa wa matan da bakinki, su za su yanke." Idan suka yarda, Tolulope za ta yi aikinta. Idan suka ƙi, ƙofar nan ta rufe mata, ta rufe wa duk wanda ke zaune a ɗakin nan, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Ina roƙonku ku raka ni, ku zo da abin awon jini da kwalabe, mu sake auna duk wadda ta yarda, mu kai mata sakamakonta hannu da hannu. Ku zo ku ga malamarku tana ba da haƙuri, ku riƙe shi a matsayin darasin zangon nan. Zan tsaya gabansu ina duban fuskoki, ban san wace ce a cikinsu ba, ban ma san ko tana cikinsu ba.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani da bakin faɗinsa, ya mai da kowa gida lafiya. Ita kuma baiwar Allah nan da na ƙone sunanta da hannuna, ku taya ni roƙo, Allah ya sa tana raye.

Na gode.