Na'urar Ɗumama Gareji

A wata rumfar kayan gwanjo a Ƙofar Kaura, Sagir makanike ya tsaya yana jujjuya ƙaramar na'urar ɗumama ɗaki mai shan man dizal.

"Alhaji, don gareji nake so. Sanyin bana ya hana mu riƙe sifana."

"Ka samu, Malam."

"To, in mutum ya bar ta kunne ya yi barci, ba komai?"

Mai rumfar ya ƙare masa kallo. "Barci a gareji? Yaushe uwargida ta kore ka?"

Sagir ya murtuke. "Wa ya ce kora ce? Ni na fita don kaina."

"Haka ni ma na riƙa cewa bara. Ka dai fitar da bututun hayaƙin waje, ka bar taga buɗe, in kana so ta tarar da kai da rai ranar da za ta zo biko."